Waƙar Niƙa da Tsohon Batir

A Ƙaura Namoda, bayan tashar jirgin ƙasa, akwai wani gida mai dogon yaro a ƙofa. Mutum uku ne a cikinsa: Malam Zayyanu, da matarsa Safiya, da 'yar yayarsa Bara'atu, yarinya mai shekara goma sha ɗaya, siririya, bahaguwa, marar yawan magana. Malam Zayyanu yana aiki a ɗakin kwamfuta na kwalejin kimiyya da fasaha ta garin. A shekarun nan jihar Zamfara ba ta cika shekara goma ba, komai nata sabo ne: allunan ofisoshi, motocin haya na mata zalla da suka fito tun da aka ƙaddamar da Shari'a, dogayen ƙarafan wayar salula da aka fara kafawa. Mutanen gidan ba su rasa ci ba, ba su rasa sutura ba. Safiya ta rasa ruwan famfo. Malam Zayyanu ya rasa tsayayyiyar wutar lantarki. Bara'atu kuwa ta rasa uwa, kuma ta rasa wanda zai ba ta labarinta.

Mahaifiyarta, Ummusalma, ta rasu Bara'atu tana da shekara biyu. Hotonta guda ɗaya ne, shi ma ruwa ya cinye shi shekarar da rufin ɗaki ya yi yoyo. Mahaifin Bara'atu, Jibrin, direban babbar mota ne mai ɗaukar shanu daga kasuwar Shinkafi zuwa Kudu. Idan ya biyo ta Ƙaura yakan kawo mata kilishi da dabino, amma in ta tambaye shi mahaifiyarta sai ya ce, "Mutuniyar kirki ce, Allah ya jiƙanta," ya juya yana duba tayoyin motarsa. Kawu Zayyanu kuma yana makarantar kwana a yawancin shekarun yayarsa, abin da ya riƙe kaɗan ne. Saboda haka duk lokacin da Bara'atu ta zauna a bakin titin jirgi tana kallon ƙarafan nan biyu har inda suka haɗe da sararin sama, takan hango wata mace tana tahowa da tulu a kai. Takan ga zanenta, takan ga tafiyarta. Fuskar ce kullum ba ta fitowa.

Wadda ta san komai ita ce Inna Saude, kakarta, a Tungar Marke, gaba da Zurmi kaɗan. Sai dai Ummusalma 'yar farin Inna ce, kuma Inna mutuniyar da ce mai riƙe da kunyar ɗan fari. Ba ta taɓa kiran sunanta ba tana raye, ba ta fara bayan ta rasu ba. In magana ta kama dole sai ta ce "waccan," ta sauya zance.

Wata rana Kawu Zayyanu ya ce da Bara'atu, "Akwai wuri ɗaya da Inna take sakin bakinta. Ranar da aka fara niƙan sabon hatsi, ita da kanta take durƙusawa a kan dutse, ta yi waƙa. Sau ɗaya a shekara. In kin ji ta ce Larai, to mamanki take nufi, don ranar Laraba aka haife ta."

"Kawu, me take cewa a kanta?"

"Ina zan sani? Da ta hangi ɗa namiji sai ta yi gum. Ni sunan kawai na taɓa tsinta ta bayan danga."

Malam Zayyanu yana da wata tsohuwar kwamfuta laftof ta hannu, baƙa, mai nauyi kamar ɗan dutsen niƙa, da ƙaramin makirfo da ya saya wurin masu rediyo a kasuwar Shinkafi. Suka yi shawara su ɗauki waƙar, domin ta zauna. Da suka gaya wa Inna sai ta yi dariya ta ce, "Ku aje abinku inda kunka ga dama. Amma waƙa ba a kiran ta. In taz zo, taz zo."

Shekarar farko sun yi kuskure. Suna isa Tungar Marke da hantsi, Kawu ya buɗe kwamfutar a zaure don ya tabbatar tafiyar babur ba ta taɓa ta ba. Fuskarta ta haska da hoton Ka'aba. Kafin a ce kwabo zaure ya cika. Wakili, dattijon da ke riƙe da ƙauyen, ya zo da sandarsa ya zauna, aka fara gaisuwa: ina gajiya, ina mutanen Ƙaura, ina aiki, ina ruwa. Kowane dattijo ya shigo sai an sake daga farko, kuma sai an nuna masa hoton. Babu mai iya rufe abu a fuskar dattijo yana cikin kallo. Can bayan azahar, da ƙarar dutse ta fara tashi daga cikin gida, Bara'atu ta rungumi kwamfutar ta ruga. Tana ajiye ta, fuskar ta yi baƙi. Ta danna, ta girgiza, ta hura mata iska. Hankalinta duk yana kan na'urar, hawaye sun toshe mata kunne. Daga waƙar gaba ɗaya kalma ɗaya ta tsira da ita, Larai, sai ƙarar dutse.

A hanyar komowa, tana bayan babur, ta ce, "Kawu, a sayo sabon batir mana."

"Irin nata babu shi ko a Gusau. Na tambaya har Kano."

"To a ƙara masa wuta."

"Tulu ba ya ɗaukar abin da ya fi cikinsa, Bara'atu. Amma ana iya rage masu sha."

Daga wannan makon, duk yammacin da aka sami wuta, sai su zauna a tabarma a gindin dogon yaro. Kawu ya ce kwamfutar tana aiki da wani tsari da ake kira Linux, kuma a bayan hotuna masu launi akwai wani baƙin allo inda ake yi mata magana kai tsaye da rubutu. Ya danna maɓallai uku, hotunan suka ɓace. Sai baƙi wuluk, da wani ɗan farin layi yana ƙyaftawa a kusurwa, kamar mai jiran a ce masa wani abu.

"Rubuta wannan," in ji shi. Ta rubuta da hannun hagu, harafi bayan harafi:

acpi -b

Kwamfutar ta amsa da layi ɗaya: kashi nawa ya rage cikin ɗari, da minti nawa take zaton za ta kai.

"Kin tambaye ta, ta gaya miki. Wannan shi ne farkon ilimin. Wanda bai leƙa rumbu ba, bai san ranar da tuwo zai yanke ba."

Ya nuna mata masu shan wutar ɗaya bayan ɗaya. Na farko hasken fuska, shi ne babban maci. Na biyu ƙwaƙwalwar na'urar, wadda in tana gudu sai ta yi zafi, fanka ta tashi tana huci. Na uku faifan ajiya da ke juyawa a ciki ko ba a neme shi ba. Na huɗu hotunan nan masu kyau da kowa yake so. Kowannensu akwai umarnin da ake ba shi. Na ƙwaƙwalwar ta fi so:

cpufreq-set -g powersave

Tana danna shi sai hucin fanka ya sauka a hankali, ya sauka, har ta ji kukan kurciya a kan katanga. Sai ta ga kamar ta dafa wuyan doki ne ya daina sukuwa ya koma tafiya.

Safiya takan leƙo daga madafa ta ce, "Ku dai da baƙin allon nan naku. Ko fim babu, ko waƙa babu. Malam, ka mai da 'yar mutane sakatariya."

"Injiniya dai," in ji Kawu.

"To injiniya ta zo ta tsince mini shinkafa."

Bara'atu ta ware littafi guda. Takan cika batir, ta zare waya, ta riƙa tambayar na'urar duk bayan minti biyar tana rubuta amsa. Da hotuna da cikakken haske, minti talatin da biyar take yi. Da baƙin allo, haske a ƙasa, ƙwaƙwalwa tana tafiya a hankali, takan wuce awa ɗaya da 'yan mintoci. A cikin wannan rubuce-rubuce ta gano abin da Kawu ma bai lura da shi ba.

"Kawu, batir ɗin nan yana faɗin abin da ba haka ba."

"Kamar yaya?"

Ta buɗe masa shafi shida. A kowanne, lamba ta ƙarshe kashi sha huɗu ce cikin ɗari. "In ya ce saura sha huɗu, babu sauran komai. Nan take yake mutuwa."

Kawu ya daɗe yana duba shafukan. "Tsufa ne," ya ce. "Yana tuna ƙarfinsa na da, yana zaton har yanzu yana nan. Kin ga ke nan sha huɗunsa ita ce sifirinki." Ya kuma nuna mata wani abu: suka ɗauki muryar Safiya tana faɗa da akuya, suka bar batir ya mutu ba su rufe ɗaukar ba. Da aka kawo wuta suka duba, muryar ta lalace, ba ta buɗuwa. "Buhu ne," in ji shi. "In ba ki ɗaure bakinsa ba kafin jaki ya tashi, abin da kika tara zubewa zai yi."

Saura matsala ɗaya. Kunna kwamfutar daga mutuwa yana cin minti uku da wuta mai yawa, waƙar Inna kuwa ba ta sallama kafin ta shigo. In an bar ta a kunne ana jira, ta ƙare. In an kashe, a rasa farkon waƙa, wataƙila har da Larai.

Amsar ta zo mata a hutun bazara, a Tungar Marke. Da safe ta ga Inna ta tsuguna a murhu, ta tone toka da tsinke. A ƙasa sai ga garwashi ja, tun na jiya. Inna ta ɗora kara biyu, ta hura sau ɗaya, wuta ta kama.

"Inna, ba ta mutu ba?"

"Mi za shi kashe ta? Na ruhe ta. Wuta in kinka bar ta a buɗe, cinye kanta takai. In kinka ruhe ta da toka, kwana takai. Ku 'yan boko sai ashana, ƙyas-ƙyas, kamar ku kunka ƙera ta."

Da ta koma Ƙaura ta tambayi Kawu ko kwamfuta tana da toka. Ya yi dariya har hularsa ta goce, sannan ya ce tana da ita. Ya rubuta mata a bangon littafinta:

echo mem > /sys/power/state

Ta rubuta, ta danna. Fuska ta ɗauke, fanka ta tsaya, faifai ya yi shiru. Sai wata 'yar koriyar fitila a gefe, tana haskawa tana lumshewa, kamar numfashin jariri. Ta taɓa maɓalli, kafin ta ƙirga uku baƙin allon ya dawo, ɗan farin layin yana nan inda ta bar shi. Ta auna wannan barcin ma a littafinta: kashi huɗu yake ci a awa.

Damina ta yi kyau a shekarar. Da gero ya nuna, wani ɗan kabu-kabu ya kawo saƙo daga Tungar Marke: ranar Asabar za a taɓa sabon hatsi. Ya ƙara da cewa kafaɗar Inna ta matsa mata, an kuma kawo injin niƙa ƙauyen, ta ce in ta yi niƙan bana ta sallami dutse ke nan.

Kwana biyu kafin Asabar babu wuta a unguwarsu. Ranar Juma'a da yamma Kawu ya kai kwamfutar shagon wani mai aski da ke da janareta. Man janaretan ya ƙare batir yana kashi tamanin da takwas. Bara'atu ta cire sha huɗu a ranta. Saba'in da huɗu ke gare ta.

Suka kama hanyar Zurmi da sassafe, kwamfutar a naɗe cikin zane a bayanta kamar goyo. Gero ya tsaya hagu da dama ya fi mutum tsawo, kawunansa sun sunkuya, tsuntsaye suna tashi daga ciki kamar an watsa tsaba. Gulbin Bunsuru ya cika yana tafiya a hankali. Bara'atu ta lumshe ido, ta ga matar nan mai tulu tana tafiya a gefen hanya daidai da gudun babur, ba ta gaba, ba ta baya.

A Tungar Marke mata sun riga sun yi sussuka, suna sheƙa. Inna tana zaune a kan turmi da aka kifar, ana gasa mata tumu.

"A'a, ga Ta-Ƙaura da jaririnta," in ji Inna. "Bara ya mace, bana kin samo mai magani?"

"Na samo, Inna. A murhunki na samo."

"Ji ɗiyar nan. To zo ki ci tumu, ƙashi kamar na hwara."

Bara'atu ta bi aikin da ido, tana lissafi. Sai an surfa, a bakace, a wanke, a baza ya sha iska. Ba ta kunna kwamfutar ba sai da ta ga an baza hatsin a tabarma. Kunnawar ta ci biyar. Ta rage haske, ta sassauta ƙwaƙwalwa, ta rubuta umarnin ɗaukar murya ta bar shi a kan layi ba ta danna ba, sannan ta rufe wutar da toka. Tamanin da uku.

Sai ga yaro daga zaure: Wakili ya zo, yana son a nuna masa Ka'aba irin ta bara, ya taho da baƙi biyu daga Zurmi.

Bara'atu ta ɗauki kwamfutar ta fita. Ta durƙusa ta gaida su. Kawu ya dube ta, ta dube shi. Ba shi da bakin hana dattijo, ita ma ba ta da shi.

"Buɗe muna, jikanyata," in ji Wakili. "Na ba su labari, sun ce ƙarya nikai."

Ta buɗe, ta taɓa maɓalli. Baƙin allo ya fito, dishi-dishi, da 'yan fararen haruffa. Wakili ya matso da fuskarsa, ya ja baya, ya karkata kai.

"Zayyanu, bana ta makance?"

"Ranka ya daɗe, azumi take yi," in ji Kawu. "Hoton nan shi ya cinye mata ƙarfi bara. Yau akwai aikin Inna a gabanta. In an gama, in da saura, ko kuma in na dawo da ita cike, har Madina zan nuna maka."

Wakili ya yi dariya ya buga sandarsa a ƙasa. "To, mai azumi ba a tsokanar shi. Tahi da ita, ɗiyata. Ku kuma kun gani da idonku akwai ta, ko ba hoto."

Wannan ya ci biyu.

Aka yi azahar. Rana ta karkata kaɗan, inuwar rumbu ta kai kan dutsen niƙa. Sauran mata suka janye can wajen murhu, kamar yadda suka saba kowace shekara. Inna ta ɗaure ɗankwalinta, ta durƙusa da ƙyar, ta zuba hatsi tafi ɗaya. Bara'atu ta zauna a bayan rumbu inda Inna ba za ta ga haske ba, ta miƙa makirfo a kan wata ƙwarya da ta kife kusa da dutsen.

Dutse ya fara: gurr, gurr. Inna ta yi ɗan gunaguni a maƙogwaro. Nan da nan Bara'atu ta tashi na'urar ta danna ɗauka. Minti huɗu ana niƙa babu kalma, sai Inna ta tsaya ta kori akuya, ta zauna tana murza kafaɗa. Bara'atu ta tsayar, ta mai da na'urar barci. Haka aka yi har sau uku. Da ta tambayi na'urar, ta ce mata sittin da ɗaya.

Ta ce wa kanta ta daina bin gunaguni, ta saurari dutsen. Ta lura duk sa'ad da Inna za ta tsaya, bugun yakan zo a karkace, ɗaya dogo ɗaya gajere. Ta jira. Can sai bugun ya daidaita, ya zama kamar tafiyar mai ɗauke da ruwa, kafaɗar da ke ciwo ta daina noƙewa. Bara'atu ta taɓa maɓalli, ta danna. Kafin numfashi uku muryar ta fito, siririya, ba irin wadda Inna take faɗa da ita ba.

"Dutse, dutse, abokin hira,
kai ka ji, ba ka kai gaba."

Inna ta fara da mahaifiyarta, mai saƙar faifai. Ta wuce zuwa shekarar fari da aka ci ganye, da shekarar da jirgi ya fara kai gyaɗarsu Kudu. Ta yi wa marigayi mijinta baiti mai tsawo ba ta kama sunansa ba. Waƙar tana tafiya ba gaggawa, tana komawa kan amshinta, gari yana zuba fari a kan tabarma. Bara'atu ta kashe hasken fuskar gaba ɗaya, sai lokaci-lokaci ta farkar da shi ta tambaya. Arba'in da bakwai. Talatin da biyar. Ƙamshin sabon gero ya cika wurin, har ta ji kamar rumbun da katangar da inuwar duk suna lilo tare da dutsen. Ashirin da shida. Inna tana kan labarin wata saniya da ta ɓata.

Ashirin da biyu.

Sai bugun ya yi sanyi, muryar ta sauka.

"Larai, Larai, ta ranar Laraba,
mai wushirya, dariya ta kada ki.
Larai mai tsoron kwaɗo,
ba ki tsoron gulbi ya cika.
Kin ɗauki tulu da hannun hagu,
anka ce a hana, nic ce a bari.
Tuwon hwari kin ƙona shi,
kin ce hayaƙi na yaji nai.
Larai, kin bar mani mai kama da ke,
in ta yi shiru, ke ta, in ta juya, ke ta."

Bara'atu ta dubi hannunta na hagu a kan maɓallai. Ta tuna malamai nawa suka buge shi da rula, da yadda Inna, mai faɗa a kan komai, ba ta taɓa cewa uffan a kansa ba. Ta sa harshe ta taɓa 'yar tazarar da ke tsakanin haƙoranta na gaba. A can ƙarshen titin jirgin da ke cikin ranta, matar nan mai tulu ta iso kusa, ta sauke tulun da hagu, ta yi dariya har ta zauna a ƙasa.

Ta farkar da allo. Sha shida.

Inna ba ta gama ba, ta ja numfashi za ta shiga wani baitin. Bara'atu ta ji kamar ta bari, ko minti ɗaya, ko rabin minti. Ta tuna muryar Safiya da akuya da ta ƙi buɗuwa. Sha biyar. Ta tsayar da ɗaukar. Ta rubuta sync domin abin da aka tara ya sauka a faifai, ta ga fitilar faifan ta ƙyafta ta tsaya, ta rubuta poweroff. Haruffa suka gangara, allon ya mutu, koriyar fitilar ma ta ɗauke. Ta rufe murfin, ya yi ɗan ƙas.

Dutsen ya tsaya.

"Ta-Ƙaura."

"Na'am, Inna."

"Kin kashe abin?"

"Na kashe. Wutarsa ta ƙare."

"Ba shi ji yanzu?"

"Ba ya ji."

"To taho nan. Kahwaɗag ga ta gaji. Kama mani."

Bara'atu ta fito daga bayan rumbu ta durƙusa kusa da ita. Ta ɗora hannuwanta a kan ɗan dutsen, Inna ta ɗora nata a sama, busassu, masu ɗumi, fari fat da gari. Suka tura tare, suka jawo tare. Inna ta ci gaba da waƙar a hankali, dab da kunnenta: yadda Larai ta yi goyon Zayyanu har ya yi mata fitsari a sabon zane, yadda take satar ƙuli-ƙuli ta raba wa yaran maƙwabta, yadda ta riƙe jaririyarta ranar suna ta ƙi ba kowa. Da hatsin ya ƙare, Inna ta share dutsen da tafin hannu, ta daɗe tana kallonsa. Sannan ta ce, ba da waƙa ba, da muryarta ta kullum:

"Allah shi jiƙan Ummusalma."

"Amin," in ji Bara'atu.

Inna ta miƙe tana dafa rumbu, ta ƙwala wa mata kira su zo su kwashe gari, ta hau faɗan wa ya bar akuya a sake.

Sai ranar Litinin da yamma aka kawo wuta a Ƙaura. Suka zauna a gindin dogon yaro su uku, Bara'atu ta kunna. Ƙarar dutse ta fito, sannan muryar Inna, tun daga amshin farko har zuwa "in ta juya, ke ta," ba abin da ya zube. Safiya ta bar shinkafarta ta ƙone. Kawu Zayyanu ya cire tabarau yana gogewa da bakin riga, ya daɗe bai mayar ba.

"A nan ta tsaya?" ya tambaya.

"A nan batir ya tsaya."

"Sauran fa?"

"Yana wurina," in ji ta.

Ta ɗauko littafinta, ta rubuta kwanan wata da lambar da ta kashe na'urar a kai, sha biyar. A ranar Bara'atu ta gane cewa Inna ba ta taɓa manta mahaifiyarta ba. Rufe ta ta yi shekara da shekaru don kada ta ƙare.